Ku Tambayi Gwaggo: Daga Fasasshiyar Kwalba Zuwa Dutsen Wuya

Assalamu alaikum, masu karatu. Tun da mujallar nan ta buga hoton hannuna riƙe da sarƙar shuɗɗan duwatsu, aka rubuta a ƙasa cewa da fasassun kwalabe na yi su a bayan ɗakina a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, saƙonni ba su daina shigowa ba. Edita ya tattaro mini su, jikata ta karanta mini waɗanda aka rubuto da Faransanci, na zaɓi shida. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, da yawa tambayar ɗaya ce, baki ne kawai ya bambanta.

Tambaya: Gwaggo, ina wuni? Ni ɗaliba ce a Marwa. Aikinki ya burge ni ƙwarai. Gado kika yi ko koya kika yi? Ban taɓa jin mace tana narka gilashi a ƙasar nan ba.

Amsa: Lafiya lau, 'yata. Rabi gado ne, rabi kuwa wahalar shekaru ce. Kakata ta wajen uwa 'yar koli ce a kasuwar Garwa. In na rufe ido har yau ina ganin faifanta: allura, zare, kwalli, ɗan madubi, jigida, murjani, tsakiya. Mahaifina kuma maƙeri ne, fartanya da lauje da wuƙa yake ƙerawa. Idan yayyena maza sun tafi gona, ni ake kira in zauna bayan zuga-zugi. Kin ga na tashi tsakanin dutsen ado da wuta, sai dai ba wanda ya taɓa tunanin haɗa su a gidanmu.

Kaka tana da wani gwangwanin alewa da take ɓoyewa a ƙasan adudu. A cikinsa akwai duwatsu bakwai ruwan ɗorawa, kowanne kamar girman kanya. Ba sa sheƙi, jikinsu duk ƙananan ramuka kamar zanzana. Wata rana na faki idonta na ɗauko ɗaya na kai maƙera don in nuna wa ƙanena, ya suɓuce ya bugi uwar maƙera, ya rabe biyu. Na yi kuka tun kafin a taɓa ni. Kaka ba ta dake ni ba, ta dai karɓi rabin ta juya shi a tafin hannunta, ta ce dutsen nan ya girmi uwarta. Wannan maganar ta fi mini bulala zafi.

Ɗaya rabin ya rage a hannuna. Da dare na kai shi kusa da fitila, sai na ga abin da ban taɓa zato ba. Cikinsa akwai ƙananan kumfa da suka daskare, akwai kuma layuka da suka kewaye ramin zare kamar yadda ake naɗa zare a mazari. Ashe ba daga ƙasa aka haƙo shi ba. Abu ne da ya taɓa zama ruwa-ruwa, wani mutum ya naɗe shi a jikin ƙarfe da hannunsa. Washegari na jefa ɗan ɓarɓashinsa a wutar Baba, na zuga har hannuna ya gaji. Ya yi laushi, ya dunƙule, ya manne da gawayi ya yi baƙi. Bai zama komai ba, amma na gani da idona cewa wuta tana iya masa.

Daga nan rayuwa ta ja ni. Aure, haihuwa, ɗinki, sai shirya duwatsun kasuwa a zare ina sayar wa amare. Sai da na haifi 'ya'ya huɗu sannan Hammana, wato yayana, wanda ke fataucin kayan tagulla, ya yarda na bi shi Bida a ƙasar Nufe. Muka bi ta Yola. A unguwar Masaga na ga abin da nake nema tun ina yarinya: ɗakin ƙasa mai duhu, murhu a tsakiya, yaro yana zuga, maza sun kewaye wutar kowa da dogon tsinken ƙarfe. Mutum zai ɗebo narkakken gilashi, ya juya tsinken tsakanin yatsunsa, ya daddanna da wani faffaɗan ƙarfe, kafin ki ƙifta ido dutse ya fito, ko awarwaro. Sana'arsu ta gado ce kuma ta maza, su da kansu suna cewa kakanninsu daga Masar suka taso suka biyo ta Barno. Ban nemi su sa ni a layi ba, na roƙi su bar ni in zauna a bakin ƙofa, suka bar ni kwana uku, har da ba ni tabarma. Allah ya saka musu da alheri.

Na dawo gida da zumuɗi, na gina murhu da ƙasar suri, na aro tsohon zuga-zugin Baba. Shekara biyu cur kusan duk abin da na yi fashewa yake yi. Maƙwabta suka sa mini suna mai dafa dutse, wasu da tausayi suke faɗa, wasu da dariya. Abin da ya buɗe mini hanya wani tsohon ɗan koli ne, abokin cinikin Kaka, wanda ke zuwa kasuwar duwatsu ta Koforiduwa a Gana. Ya kawo mini wani mazubin yumɓu mai faɗin tafin hannu, da ramuka a jikinsa kamar tandar waina, ya bayyana mini yadda mutanen Krobo na can Gana ke yi. Su ba naɗawa suke yi ba. Daka kwalba suke yi ta zama gari, a tankaɗe, a tsayar da busasshen tsinken ganyen rogo a tsakiyar kowane rami, a zuba garin launi bisa launi, a sa a tanderu. Wuta ta cinye tsinken ta bar ramin zare, garin kuma ya haɗe ya zama dutse. In ya huce a goge shi da yashi da ruwa a kan dutsen niƙa, a shafa masa ɗan mai.

Wannan hanyar ta dace da mace mai goyo, domin ba sai an tsaya a kan zuga ba. Da ita na tsaya da ƙafata. Naɗawa irin ta Bida sai daga baya na koma mata, da hannuna ya san gilashi. Kuma kada ki ce mata ba sa wannan aiki. A garin Kifa na ƙasar Muritaniya mata ne suka shahara da shi: su kwaɓa garin gilashi da ƙaro, su zana ado da bakin allura, su gasa a gwangwanin kifi a kan garwashi. Duwatsunsu na cikin mafiya kyau da aka taɓa yi a Afirka.

Tambaya: Inna, barka da aiki. Ni mai walda ne a Ngaundare. Ina narka kwalba da wutar gas, ina naɗawa a waya, dutsen ya fito da kyau. Amma da na ajiye sai in ji ƙas, ya tsage. Wani ma sai bayan kwana biyu yake fashewa shi kaɗai. Hannuna ne ko kwalbar ce?

Amsa: Barka kadai, ɗana. Wannan ƙas ɗin na san shi, na sha jin sa da tsakar dare daga cikin ƙwarya, in tashi in zauna barci ya gagare ni. Hannunka lafiya lau. Abu biyu ne ke kawo shi, kuma na farkon ya fi yawa.

Gilashi ba ƙarfe ba ne. Kai ka saba ka gama walda ka watsa ruwa, ko ka jefar a ƙasa ya huce. Gilashi in ya fito daga wuta, bayansa ne ke fara sanyi ya ƙanƙance, cikinsa kuwa yana nan da zafi. Can daga baya cikin ya zo zai ƙanƙance, baya ya riga ya sandare ya hana shi. Sai su yi ta ja-in-ja a ɓoye, ido ba ya gani. Wani ya fashe nan take, wani sai ya shiga wuyan amarya. Gilashin kwalba yana fara laushi ne in zafi ya haura digiri 700, amma inda ake sasanta shi wajen digiri 550 ne. A nan ake so ya ɗan jima har ciki da waje su daidaita, sannan ya sauko a hankali. Ni ba ni da ma'aunin zafi a farkon aikina, da ido nake aunawa. In cikin tanderu ya koma ja mai duhu, kamar garwashin da ya fara mutuwa da asuba, to an zo kusa. Sai in toshe bakin tanderu da bulo, in liƙe da laka, in tafi in yi sallar isha'i in kwanta. Ba na buɗewa sai gari ya waye, sai na sa bayan hannuna a jikinsa na ji ba ɗumi.

Kai da kake aiki da gas, ka sami tsohuwar tukunyar ƙarfe ka cika da tankaɗaɗɗiyar toka, ka ɗora a kan garwashi ta yi zafi sosai. Kana gama dutse, ka ɗan juya shi a gefen harshen wuta har jan ya ɓace, sannan ka tura shi cikin tokar da wayarsa. Kada ka tono don ka duba, wannan dubawar ce ke kashe su. Toka tana isar ƙanana, irin na carbi da jigida. Manya kuwa sai tanderu. Ka kuma kula da hunturu, musamman ku a Ngaundare da ke kan tudu. A watan Disamba da Janairu iska ɗaya in ta ratsa ta ƙofa ta isa ta lalata aikin yini guda.

Na biyu shi ne haɗa gilashin da ba jinsi ɗaya ba. Kowane gilashi da yadda yake buɗewa in ya ji zafi da yadda yake tsukewa in ya huce. Ka haɗa biyu da ba su dace ba, ko ka kwana bakwai kana sanyaya su sai sun rabu. Ga gwajin da nake yi: ka narka bakin guntaye biyu, ka manna su gefe da gefe, ka ja su da awartaki su zama zare siriri mai tsawon kamu guda, ka bar shi ya huce. In ya tsaya miƙe sun dace. In ya lanƙwashe kamar baka, raba su. Kwanon gilashi irin wanda ake sawa a wuta, da kwalaben gwaji na asibiti, kada ka kusance su da kwalbar lemo, sam ba sa jituwa.

Ka kuma riƙa tsoma wayar a kunun farin yumɓu ka bar ta ta bushe kafin ka naɗa. In ba haka ba dutsen zai kama ƙarfe, wajen cirewa ka fasa shi da hannunka.

Tambaya: Hajiya, ina gaisuwa daga Abeshe. Mahaifiyata ta rasu ta bar mini wasu tsofaffin duwatsu, kore da ruwan ɗorawa, masu kaushi, bakinsu a goge. Wani mai saye ya ce duwatsun Kano ne, ba su da wata daraja, ya taya su da araha. In sayar?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifiya, ya sa ta huta. 'Yar'uwa, da na ji an karanta saƙonki sai da gabana ya faɗi, domin siffar da kika yi ita ce siffar duwatsun Kaka. Na yi shekaru ina tambayar 'yan koli da masu ilimi kafin na san asalinsu.

In dai su ne, sunan Kano suka ɗauka amma ba a Kano aka yi su ba. A birnin Halil na Falasɗinu aka yi su, wanda Turawa ke kira Hebron, garin da aka daɗe da sanin sa da aikin gilashi. Daga can fatake suka kai su Masar, suka gangaro Sudan, suka shiga Darfur, suka iso Wadai, ƙasarku. Manyan ana ce musu mongur, ƙananan harish. Wani jami'in Ingila da ya yi aiki a Darfur, A. J. Arkell, ya rubuta a 1937 cewa matan can sun daina yayinsu suna sayar wa fataken Hausawa. Hausawan nan ne suka goge bakunansu don su zauna daram da juna a zare, suka tafi da su yamma, sunan Kano ya bi su. Gogen bakin da kika gani, aikin hannun mutanenmu ne. Kuma kin fi ni sanin cewa Abeshe zango ce a tsohuwar hanyar alhazai masu tafiya Makka a ƙasa, ba abin mamaki ba ne a same su a adudun tsofaffinku.

Ki duba da kanki. Ki sa ɗaya a haƙori ki ɗan ƙwanƙwasa, gilashi yana da sanyi da ƙara, roba ba ta da su. Ki leƙa ramin zaren a rana. Na tsoho ramin yana da faɗi, ba daidai yake ba, gefensa ya cinye saboda shekarun da zare ya yi yana gogarsa. Ki jera su, ba za ki sami biyu masu girma ɗaya ba. In kin ga wani siririn layi ya raba dutse gida biyu daidai, wannan na inji ne.

Ni dai da ni ce ba zan sayar ba. Mutumin da ya ce abu ba shi da daraja, sannan ya tsaya yana tayawa, ya san abin da ya gani. Masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka suna neman irinsu, kuma yawancin waɗanda ke Afirka an riga an kwashe. In wata lalura ta matsa miki, ki kai wa mutum uku daban-daban su taya, kada ki sallama wa na farko, ki kuma riƙe ko da guda biyu saboda 'ya'yanki. Kada ki wanke su da omo ko ki kankare, tsumma mai ɗan laima ya isa. Na Kaka shida da rabi suna wurina.

Tambaya: Adda, ni amarya ce daga Gider. Ina son jigida irin taki, amma ƙawata ta ce da kwalaben giya ake yi. Gaskiya ne?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya ba da zaman lafiya. Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba, akwai masu yi da su, domin kore da ruwan ƙasa sun fi yawa a irin waɗannan kwalabe. Hukuncin abin na malamai ne, ki kai musu tambayar. Ni abin da nake yi shi ne ba na karɓarsu, don kada in sa wa mai sayen kayana waswasi a abin da za ta yi salla da shi a jiki. Ruwan ƙasa ina samu a kwalaben maganin tari da na lemon malt, kore a kwalaben lemo da na man zaitun, fari a kwalaben mayonis. Shuɗi ne mai wuya, sai kwalaben turare da na wasu magunguna, har yaran unguwa sun san in sun tsinto shuɗiya ladansu ya fi. Launin a cikin gilashin yake tun daga masana'anta, ba fenti ba ne: ƙarfe ke ba da kore, sinadarin kobal ke ba da shuɗi, shi ya sa ba ya koɗewa ko za ki yi wanka da ita kullum. Kowace kwalba sai ta kwana a ruwa, an kankare takarda, an wanke da sabulu kafin ta ga turmi.

Tambaya: Gwaggo, ni ɗalibin jami'a ne a Injamena. Malaminmu ya ce mutanen da can da kanwa suke yin gilashi. Tunda muna da kanwa a Kanem da yashi ko'ina, me ya sa kike jiran kwalaben wasu?

Amsa: Ɗana, malaminku ya yi gaskiya, kuma tambayarka ta faranta mini rai. Gilashi yashi ne da kanwa da farar ƙasa. Yashi shi kaɗai ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700, wanda wutar itace ba ta kaiwa. Kanwa ce ke sauko da shi inda wuta za ta iya, farar ƙasa kuma ta hana gilashin lalacewa in ya ji ruwa. Mutanen Masar da Rumawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna ɗibar kanwa a Wadi Natrun don wannan aiki, 'yar'uwar ungurnun da ake kawo mana daga yankin Tafkin Cadi muna sawa a miyar kuka.

Kuma ba a Masar kaɗai aka yi ba. A Ile-Ife ta ƙasar Yarbawa, a wani wuri da ake kira Igbo Olokun, masanin tarihi Abidemi Babalola ya tono duwatsun gilashi kusan 13,000 tare da tukwanen narkawa, na tsakanin ƙarni na 11 da na 15, bincike kuma ya nuna da kayan ƙasar aka haɗa gilashin. Mutanen Masaga ma suna da nasu baƙin gilashi na gargajiya da suke kira bikini, kafin kwalba ta yawaita. Ina so matasa su san wannan, domin da yawa sun ɗauka dutsen ado sai wanda Bature ya kawo daga Murano ta Italiya ko ƙasar Cek. An kawo waɗannan da yawa, gaskiya ne, da irinsu matan duwatsun Mandara suka yi ta saƙa adonsu, amma ba daga nan labarin ya fara ba.

Na gwada sau ɗaya. Na ɗebo farin yashi a bakin Binuwai da rani, na wanke, na daka ungurnu na haɗa, na sa a kaskon yumɓu. Yini da kwana muna cusa itace ni da ɗana. Abin da muka samu wani dunƙule ne mai kumfa ruwan toka, gefensa kaɗai ya yi sheƙi. Ina ajiye da shi, ina kuma alfahari da shi. Amma da na dubi tulin itacen da ya tafi, na ce ba zan sake ba. Mu da hamada ke matsowa, ba daidai ba ne in ƙone bishiya don in yi abin da ke zube a kwata yana yanke ƙafar yara. Ku da kuke da ɗakin gwaji da tanderun lantarki a jami'a, ku ne ya kamata ku gwada kanwar Kanem da yashin kogin Shari. In kun dace, ku aiko mini da guntu ko kamar ƙwayar gyaɗa ne, in naɗa shi.

Tambaya: Hajiya, ni magidanci ne a Kusiri. 'Yata mai shekara 17 ta ga hotonki ta nace sai ta koyi wannan sana'a. Tsorona biyu: lafiyarta, da kuma ko akwai abinci a ciki.

Amsa: Malam, Allah ya yi mata albarka, kai kuma ya saka maka da ka tsaya tambaya ba ka hana kai tsaye ba. Tsoronka yana kan hanya, zan gaya maka gaskiya.

Mutane suna ɗauka wuta ce haɗarin. Ƙuna tana warkewa, hannuwana duk tabo ne kuma suna aiki. Abin tsoro shi ne ƙurar gilashi. Mai daka shi a bushe yana shaƙa, shekara da shekaru, yana iya gamuwa da ciwon huhu. A shekarun farko ban san haka ba, ina daka da ɗankwali kawai a hanci, sai da wata ma'aikaciyar jinya da ta zo sayen carbi ta gan ni ta tsawatar mini. Tun daga ranar nake yayyafa ruwa kafin daka, in rufe bakin turmin ƙarfe da tsumma, in sa abin rufe hanci mai tace ƙura, in share wurin da jiƙaƙƙen buhu maimakon tsintsiya. Turmin da rariyar aiki ba sa shiga madafa har abada, yara ƙanana da kaji ba sa zuwa wurin. Ba a hura gawayi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa marar wari yana kisa. Ido ma yana son tabarau, saboda tsartsin kwalba da hasken wuta. Akwai gilashin da ba a taɓawa ko kyauta aka ba ta: na tsohuwar talabijin mai ƙeya akwai darma a cikinsa, dogon ƙwan lantarki akwai zaiba, gilashin gaban mota akwai roba a tsakiyarsa.

Batun abinci kuwa, akwai, amma ba da wuri ba. Kasuwa cike take da duwatsun inji daga Caina da Indiya, da na roba, masu arahar da hannu ba zai iya gasa da su ba. Masu yawon buɗe ido da ke sayen kayanmu a cibiyar masu sana'ar hannu ta Marwa sun ragu ƙwarai tun da rashin tsaro ya taɓa yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru. Abin da ya riƙe ni mutanen gida ne: uwar amarya mai son jigidar da ba kowa ke da irinta ba, mai son sarƙar da za ta shiga da atamfar biki, dattijo mai son carbi mai nauyi a hannu. Yanzu jikata tana ɗaukar hoto ta sa a WhatsApp, saƙo yana zuwa har daga Yawunde da Maiduguri. Da wannan aiki na biya kuɗin makarantar 'ya'ya biyu, amma sai da na shekara biyar kafin ya fara mayar da kuɗin itace. Saboda haka kada ta bar karatu. Kuma tun yanzu ka gaya mata, ranar da ta fara sayarwa, kada ta taɓa ce wa mai saye sabon dutse tsoho ne. Akwai masu birkiɗa sabo a toka su ce na kakanni ne, sun ɓata wa sana'ar suna.

In ta ji duk wannan ba ta karaya ba, ta fara tara kwalabe tun yau, tana wankewa tana ware su launi-launi, iri-iri, kowanne da buhunsa. In an yi dogon hutu ka haɗo ta da wata babba a cikin dangi su zo Garwa, edita zai haɗa mu. Watan farko wanki da tankaɗe da kwaɓa yumɓu kawai za ta yi, ba za ta taɓa wuta ba. Ta zo da tsofaffin zannuwan auduga guda biyu da takalmi mai rufe yatsu, kada ta kawo mayafin nailan, yana narkewa ya manne da fata.